Gashin Jimina da Gumin 'Yan Rawa a Moulin Rouge

Titin Clichy da ke arewacin birnin Paris ba shi da wani kyan gani da rana. Idan ka fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Blanche, abin da za ka tarar shi ne hayaniyar motoci, shagunan tsaraba, wuraren cin abinci masu tsada ba dalili, da kantuna na unguwar Pigalle waɗanda mai kunya zai wuce su kansa a sunkuye. A tsakiyar wannan cunkoso, a gida mai lamba 82, jan injin niƙan nan na gidan rawa na Moulin Rouge yake zaune bisa rufi da fukafukansa huɗu. Bai taɓa niƙa ko ƙwayar alkama ba, ado ne kawai. Ya kuma fi ƙanƙanta a ido fiye da yadda hotuna suke nuna shi. Amma da zarar magariba ta yi aka kunna fitilu, sai ka ga mutane sun yi cirko-cirko a tsibirin tsakiyar titi, kowa da waya a sama.

Joseph Oller da Charles Zidler ne suka buɗe gidan ranar 6 ga Oktoban 1889, shekarar da aka kammala hasumiyar Eiffel. Gobara ta cinye shi a 1915, aka sake gina shi. Tun 1955 yana hannun iyalan Clerico. A daren 25 ga Afrilun 2024 fukafukan suka ɓalle suka faɗo kan titi, Allah ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo; aka yi maza aka ɗora sababbi kafin wutar gasar Olamfik ta ratsa unguwar a watan Yuli.

Tarihin ke nan a taƙaice. Abin da ya kawo ni shi ne mutanen da ke ci da guminsu a ciki.

Zauren yana ɗaukar mutum fiye da 800, an jera tebura hawa-hawa, kowanne da 'yar jar fitila. An matse kujerun har gwiwarka tana gogar ta maƙwabci, masu sabis kuma suna ratsawa da farantai da bokitan ƙanƙara cikin wata irin ƙwarewa da ita ma abin kallo ce. An hana ɗaukar hoto. Wasa biyu ake yi kowane dare, ɗaya da ƙarfe 9, ɗaya wajen 11, babu ranar hutu a shekara, kuma kimanin mutum 600,000 ne ke shiga duk shekara. Wasan da ake yi yanzu, Féerie, tun ƙarshen 1999 yake kan dandamali. Akwai 'yan rawa a cikinsa yau waɗanda ba a haife su ba lokacin da aka fara shi.

Gara in faɗa wa mai karatu tun yanzu: akwai tsiraici a wasan. Wani rukuni na matan suna fitowa ƙirji a buɗe, wani rukunin kuma a rufe, kowace da irin yarjejeniyar da ta sa wa hannu. Ga wanda ya tashi cikin tarbiyya irin tamu, wannan abu ne mai nauyi, kuma bai sauƙaƙa mini ba har aka tashi. Ba na kiran kowa ya je. Sai dai rashin yarda da abu bai kamata ya makantar da mutum daga ganin wahalar mai yin sa ba, kuma wahalar da na gani a wurin ta wuce yadda na zata.

Duba rawar cancan, wadda ita ce tambarin gidan. Tana zuwa ne can kusa da ƙarshe, bayan matan sun riga sun shafe fiye da awa guda suna hawa da sauka a matakala. Kiɗan Offenbach na 1858 ya tashi, su kuma suka kwararo cikin fatari mai tattara shuɗi da fari da ja, launin tutar Faransa, suna ihu. Kowace ta kama bakin siket da hannu biyu tana kaɗawa, tana wurga ƙafa sama har gwiwa ta kusa taɓa hanci, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, kuma dole duk ƙafafun layin su tashi tare su sauka tare. Wata ta riƙe diddigenta a saman kai tana juyi a kan ƙafa ɗaya. Maza suna alkafura a tsakaninsu. Sannan abin da ya sa na riƙe numfashi: mace ta daka tsalle ta faɗo ƙasa ƙafafu a ware, ɗaya gaba ɗaya baya, har ka ji ƙarar a katako. 'Yan mintoci ne kawai, amma daga teburin da ke kusa kana ganin haƙarƙarinsu na hawa da sauka, gumi na bin wuya, murmushin kuwa bai gushe ba, domin shi ma cikin aikin yake. Bayan awa biyu za su sake yin haka daga farko. Kwana shida a mako.

Ba a shiga wannan layi da kyan fuska kaɗai. Rukunin matan, Doriss Girls, ya samo suna daga Doris Haug, Bajamushiyar da ta kafa shi a 1957, kuma matan kusan 60 ne. Dole mace ta kai tsawon mita 1.75, namiji 1.85, kuma dole a ce an yi horon rawar bale tun yarinta. Shi ya sa idan ka bincika za ka tarar da yawa daga cikinsu ba Faransawa ba ne. 'Yan Ostareliya da Ingila sun yi yawa, don gidan yakan je can ya yi gwajin ɗaukar ma'aikata. Yarinya ta bar iyayenta tana da shekara 19 ko 20, ta zo garin da ba ta jin harshensa, ta yi makonni tana koyon cancan kafin a bar ta ta taka dandamali. Gidan yana sa ido har kan nauyin jikinta da yadda take gyara gashinta. Sana'ar kuma gajeriya ce: gwiwa da ƙugu ba sa jure wannan duka har abada.

Akwai 'yar'uwar wannan sana'a da ake kira burlesque, wadda ta bunƙasa a Amurka bayan Lydia Thompson ta kai tawagarta New York daga Ingila a 1868, ta dusashe, sannan ta farfaɗo a shekarun 1990. Fitacciyarta a yau, Dita Von Teese, ta yi wasa a gidan Crazy Horse na Paris a 2006. Bambancin yana da girma. Mai burlesque ita kaɗai take fitowa, ita ke tsara wasanta, ta zaɓi kiɗa, sau da yawa ita ke zama da allura tana liƙa duwatsun ado a rigarta, ta kuma ja akwatinta daga wannan ƙaramin gida zuwa wancan ba tare da tabbacin aikin wata mai zuwa ba. Ba a tambayar ta tsayi ko nauyi. 'Yar Moulin Rouge kuwa tana da albashi da kwantiragi, amma ba a son a gane ta daban da ta kusa da ita. Ɗaya ta sayi 'yanci da rashin tabbas, ɗaya ta sayi tabbas da ɓacewa cikin layi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne kayan da ke jikinsu. Sutura kusan 1,000 ake amfani da su a wasan, kowace an ɗinka ta daidai jikin mai ita. Ƙaton fiffiken gashin da kake gani a bayan mace yana lilo kamar ba shi da nauyi, a kan firam ɗin ƙarfe yake wanda aka rataya a kafaɗu, kuma da shi za ta sauko matakala a kan dogon takalmi ba tare da ta kalli ƙasa ba. Akwai masu sa musu kaya a bayan labule da ke canza musu shiga cikin minti ɗaya ko biyu, da teloli da ke gyaran abin da ya yage kullum.

Don kada waɗannan sana'o'in hannu su mutu, gidan ya sayi wasu daga cikin kamfanonin da ke yi masa aiki. Akwai Clairvoy, dukawan da suka fara a 1945, shagonsu na nan taku kaɗan daga gidan. Su ke ɗinka takalman cancan da hannu, kowace 'yar rawa da awon ƙafarta, da diddige mai ƙarfin da zai jure dukan katako. Akwai kuma Maison Février, masu aikin gashin tsuntsu tun 1929. A wanke gashin, a rina, a busar, a turara shi ya buɗe, a kankare ƙashinsa da wuƙa ya yi laushi, a haɗa biyu ko uku a ɗinke su zama ɗaya mai kauri. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan badukun da ke ɗinka takalmin gashin jimina irin na Sarkin Kano zai gane wannan haƙuri.

Alaƙar ma ta wuce kama. A ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da aka buɗe Moulin Rouge, gashin jimina na cikin manyan hajojin da ayarin raƙuma ke ɗauka daga Kano, ta Damagaram da Azbin da Ghat zuwa Tarabulus, daga can jirgin ruwa ya kai shi kasuwannin London da Paris. Ingancinsa ya kai har gwamnatin Afirka ta Kudu ta turo tawaga Kano a 1911 neman irin jiminar yankinmu don inganta ta gonakinsu. Kasuwar ta rushe a 1914, da yaƙi ya ɓarke kuma yayin manyan huluna ya wuce. Yau mafi yawan gashin da ke kasuwar duniya daga gonakin Oudtshoorn na Afirka ta Kudu yake fitowa. Na zauna ina kallon fuka-fukan nan ja da fari suna kaɗawa, raina yana sosuwa da yadda muka saki cinikin da ya taɓa zama namu.

Minti kaɗan a ƙafa daga Moulin Rouge akwai maƙabartar Montmartre, inda kabarin Louise Weber yake, wadda aka fi sani da La Goulue. 'Yar mai wanki ce, kuma ita ce tauraruwar cancan da Toulouse-Lautrec ya zana a shahararren allon tallansa na 1891. Ta bar gidan a 1895 tana ganiyarta don ta kafa nata wasan a filayen baje koli, har ta yi wasa da zakuna. Dukiya ta ƙare. A ƙarshen rayuwarta an riƙa ganin ta tana sayar da gyaɗa da sigari da ashana a kusa da ƙofar gidan da sunanta ya cika, ba mai gane ta. Ta rasu a 1929, sai a 1992 aka dawo da gawarta unguwar.

'Yan rawan yau sun fi ta kariya, dokar ƙwadago ta Faransa na bayansu. Amma ƙasar da suke takawa tana raguwa. Gidan Lido na titin Champs-Élysées, babban abokin gogayyar Moulin Rouge, ya rufe irin wannan wasa a 2022 bayan kamfanin otal-otal na Accor ya saye shi, aka sallami mafi yawan ma'aikatansa, har da 'yan rawa da masu sa kaya. Masu aikin gashin tsuntsu, da suka kai ɗaruruwan gidaje a Paris a farkon ƙarni na 20, yanzu ana ƙirga su da yatsun hannu, kuma waɗanda suka rage sun rayu ne don wani babba ya ɗauke su: Chanel ya sayi Lemarié a 1996, Moulin Rouge ya rungumi Février.