Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, wani ɗan abu ne da ya faru da ni, wanda ya sa na yi kusan wata biyar ina zargin idanuna, alhali lafiyarsu ƙalau.

Shekarar da Baffa ya sauke farali, cikin tsarabar da ya zo da ita har da madubin hangen nesa guda biyu, irin mai ido biyun nan da ake riƙewa a hannu. Shago ɗaya ya saye su, kamfani ɗaya, kwali iri ɗaya, kowanne an rubuta 10x50 a jikinsa, wato yana kusanto da abu sau 10, faɗin gilashin gabansa kuma milimita 50. Ya ba Yaya ɗaya, ya ba ni ɗaya.

Ban yi masa amfanin kirki ba sai da azumi ya kama, muka hau Dutsen Dala bayan shan ruwa don mu kalli jinjirin wata na kwana biyu. Yaya yana ɗora nasa ya hau salati, wai har ramukan jikin watan yana hangowa. Ni kuwa da na ɗora nawa sai na ga wata biyu, ɗaya ya ɗan hau kan ɗaya. In na matsa wa idona sai su haɗe, amma kafin minti biyu kaina ya ɗauki sara.

Na ce, "Yaya, nawa fa kamar yana da matsala."

Ya yi dariya ya ce, "Kai dai je ka a duba maka ido. Abu iri ɗaya ne, ta yaya naka zai bambanta?" Na roƙe shi mu yi musanya na minti ɗaya, ya ƙi, don shi mutum ne mai kaffa-kaffa da kayansa.

Abin da ya fi yi min ciwo shi ne maganar ta kai kunnen Baffa. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Ni dai ban zaɓa wa kowa ba." Wallahi na gwammace duka da wannan magana. Na je asibitin ido, na biya kuɗi, likita ya ce ba abin da ke damuna, na dawo na jefa madubin cikin akwati.

Bayan Babbar Sallah na kai shi wajen wani dattijo mai gyaran kyamara. Bai ko buɗe shi ba, sai ya ce in auna wayar lantarki da ke tsallaken titi, sannan in janye madubin daga fuskata kamar taƙi ɗaya, idona biyu a buɗe. Nan na ga wayar ta karye gida biyu: ta ɓangaren dama ta fi ta hagu bisa.

Ya ce, "Yaro, idonka lafiya lau. Madubin ne mai harara garke."

Ya yi min bayani cewa cikin kowane ɓangare akwai dunƙulen gilashi biyu masu kusurwa, su ne suke miƙar da hoto ya daina zuwa a kife. Daga baya na karanta cewa wani ɗan Italiya, Ignazio Porro, shi ya yi rajistar wannan tsari a 1854, kamfanin Zeiss na Jamus kuma ya fara sayar da irin wannan madubi a 1894. Dole ɓangarorin biyu su kalli wuri ɗaya daidai. In gilashi ɗaya ya goce ko da ɗan abin da ido ba zai gani ba, madubin zai ninka kuskuren sau 10, ƙwaƙwalwa ta yi ta faman haɗa hotuna biyu, ciwon kai ya biyo baya. Gocewar sama da ƙasa ita ta fi wahalar da ido.

Na tambaye shi yadda aka yi na Yaya ya tsira. Ya ce ai ma'aikata ba ta fitar da abu biyu su zama ɗaya sak. Kowane gilashi da kowane ƙarfe akwai ɗan sassaucin awo da aka yafe masa. A wani madubin kurakuran sai su kashe juna, a wani kuma su taru gefe guda. Ga hannun mai haɗawa, ga yawan gam da giris, ga jijjigar hanya. Masu arha kuma ba lallai a tsaya a gwada kowanne sosai ba kafin a rufe kwali. Ya ɗaga robar jikin, ya murɗa wasu ƙananan kusoshi a hankali yana leƙawa, har wayar ta miƙe.

Da yamma na kai wa Baffa, na ba shi labari tiryan-tiryan. Ya ɗora a ido ya daɗe yana kallon hasumiyar masallacin unguwarmu, sannan ya ce, "Ashe kai ma gaskiya ka faɗa, shi ma gaskiya ya faɗa."

Don haka ɗan'uwa, in za ka saya, kada yabon da wani ya yi wa nasa ya ishe ka. Sa a buɗe wanda za ka tafi da shi gida, ka fito bakin shago ka auna waya ko bakin rufin wani gini. Yaya kuwa har yau bai bar ni na taɓa nasa ba. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya yarda.