Barmani Choge da Waƙar Kama Sana'a

Kiɗan amada kiɗa ne na cikin gida. Tun asali mata ne suke yin sa a tsakaninsu ranar suna ko ranar biki. Sukan kife manyan ƙwarya, wata ma a kife ta a kan ruwa domin ta ba da amo mai zurfi, sannan a shiga kiɗa da waƙa, namiji bai ji ba bai gani ba. Hajiya Sa'adatu Barmani Choge, mutuniyar Funtuwa wadda ta rasu a shekarar 2013, tana cikin waɗanda suka fito da wannan kiɗa daga tsakar gida zuwa dandali da rediyo da kaset.

Daga cikin waƙoƙinta, wadda take kiran mata su kama sana'a ta fi dacewa ɗalibi ya zauna ya saurara da kunnen basira. Turkenta gargaɗi ne, kuma saƙon ba baƙo ba ne, domin kowace uwa takan faɗa wa 'yarta haka kafin a kai ta ɗakin miji. Abin da ya raba Barmani da sauran masu faɗa shi ne yadda take aiwatarwa. Ba ta zuwa da muryar mai wa'azi. Muryarta ta uwar ɗaki ce da ta san sirrin kowa, ta jefa magana da habaici, 'yan amshi su cafe gindin waƙa su maido mata, ƙwarya kuwa ba ta tsayawa balle mai sauraro ya sami sukunin jin haushi. Macen da aka yi wa zambo saboda zaman kashe wando tana cikin masu rawa, tana dariya, amma maganar ta riga ta shige ta. Wannan dabara ce ta mutanen da suka daɗe suna zaune gida ɗaya da kishiya, inda ba a faɗin gaskiya kai tsaye sai an naɗe ta da wasa.

A nan ne matsalar aji take. Malami yakan rubuta ɗiyan waƙar a allo, ya sa yara su fitar da turke da salo kamar yadda littafin Sa'idu Muhammad Gusau, Jagoran Nazarin Waƙar Baka, ya shimfiɗa. Hanyar tana da kyau, sai dai a kan allo kalmomin Barmani sukan zama faɗa tsagwaronsa, wani lokaci ma su yi kama da cin mutunci. Guɗa ba ta rubutuwa, haka nan ɗan jinkirin da take yi kafin ta saki kalma mai zafi. Wasu malamai kuma sukan kauce wa waƙoƙinta gaba ɗaya, wai akwai batsa a wasunsu, alhali wannan ba ta cikinsu. Yaran da aka kunna wa waƙar sau biyu kafin a taɓa alli sukan gane da kansu wa ake nufi da habaicin, tun ba ma 'yan matan ajin ba.