Titin Denmark: Inda Ake Gardamar Tsohuwar Amfilifaya da Sabuwa

A tsakiyar birnin Landan, taku kaɗan daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Tottenham Court Road, akwai wani ɗan gajeren titi mai suna Denmark Street. A gida mai lamba 4, cikin ɗakin ɗaukar sauti na Regent Sound, ƙungiyar Rolling Stones ta naɗi kundin waƙoƙinta na farko a 1964. Yau sababbin gine-gine masu manyan allunan talla sun yi wa titin ƙawanya, amma shagunan jita suna nan daram. A cikinsu na tarar da gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: tsohuwar amfilifaya ce ta fi daɗin sauti ko sabuwa?

Abin da zai fara ɗaure wa baƙo kai shi ne farashi. Akwatin da ya haura shekara sittin, rigarsa ta koɗe, gefensa duk ƙunar taba, kuɗinsa ya ninka na sabo dal sau da yawa. Masu shagunan ba sa ganin abin mamaki a nan. A wurinsu da tsohuwar zuma ake magani.

Sunaye uku ne ba sa barin bakinsu. Na farko Fender. Leo Fender mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, bai ma iya kaɗa jita ba. Amfilifayarsa mai suna Bassman, musamman ƙirar 1959, don jita mai kaurin murya aka yi ta, sai sauran makaɗan jita suka rungume ta. Na biyu Vox AC30, wadda aka ƙera a Dartford, ita ce muryar ƙungiyar Beatles a farkon tashensu. Na uku Marshall. Jim Marshall makaɗin ganga ne mai shago a unguwar Hanwell, samari irin su Pete Townshend suna ta yi masa ƙorafin kayan Amurka sun yi tsada, kuma suna son abin da ya fi su ƙara. A 1962 shi da ma'aikatansa suka bi tsarin Bassman suka fito da JTM45. Da yake lasifikokin Celestion na Ingila suka sa, cikin akwati rufaffe, sai sautin ya fito da wata murya dabam, mai kaushi da nauyi.

Duk ukun da bawul suke aiki, wato ƙananan kwalabe masu ja idan sun ɗau zafi, irin na tsofaffin rediyo. Wani dattijo mai gyara, a ɗan ɗakinsa na ƙasan wani shago, ya buɗe mini bayan wata tsohuwar Vox. Kafin komai ya gargaɗe ni da in janye hannuna, don wutar da ke ciki takan kai ɗaruruwan bolt, kuma takan saura ko bayan an kashe. Ya bayyana mini cewa idan aka matsa wa bawul fiye da ƙarfinsa, ba ya yanke sauti farat ɗaya. A hankali yake lanƙwasa shi, yana ƙara masa kauri. Ka taɓa tsirkiya a hankali, ta fito garau. Ka doke ta, ta yi gurnani. Tamkar kalangu ne a hammatar gwani: gwargwadon matsi, gwargwadon magana. Wannan amsawar ita ce makaɗa suke biya da tsada.

Amma shi wannan dattijo da ke cin abinci da tsofaffin kaya, shi ne ya fi kowa rage musu kwarjini. A cewarsa babu tsofaffin amfilifaya biyu masu murya ɗaya, domin kayan cikinsu tun daga masana'anta ba daidai suke ba, shekaru kuma sun ƙara karkata su. Kondensa tana bushewa, dole a sauya. Bawul yana mutuwa. Masana'antar Mullard ta Blackburn, wadda bawul ɗinta ya yi suna, ta daɗe da daina ƙera shi. Yanzu mafi yawa daga Saratov ta Rasha, da Sulobakiya, da Sin ake samowa, shi ya sa farashi ya yi tashin gwauron zabo a 2022 da yaƙin Yukiren ya ɓarke. Ashe abin da ake kira tsohuwa, sau da yawa rabin cikinta sabo ne. Ga kuma abin da ake mantawa: marasa kyau na wancan zamani an daɗe da watsar da su, zaɓaɓɓu ne suka iso gare mu.

A hawa na sama sababbin kaya ne. Tun daga na'urar Line 6 POD ta 1998 zuwa Kemper ta Jamus ta 2011, injiniyoyi sun koya wa kwamfuta kwaikwayon bawul. Kemper takan aika sauti cikin tsohuwar amfilifaya, ta auna yadda ya fito, ta adana muryar. Ita kanta Fender a 2019 ta fitar da jerin Tone Master, kamanni irin na da, ciki kuwa ba bawul ko ɗaya, nauyi kusan rabi. Ƙungiyar Metallica, duk da girmanta, da irin waɗannan na'urori take hawa dandamali.

Wani matashin ma'aikacin shago ya kaɗa mini tsohuwa da sabuwa bi da bi, na juya musu baya. Dukansu sun yi daɗi, bambancin ɗan siriri ne. Shi kuwa da ke riƙe da jitar ya ce a yatsunsa yake jin bambancin, tsohuwar takan ɗan numfasa kafin ta amsa. Na gaskata shi. Abin da mai kaɗawa ya ji a hannu yana sauya yadda yake kaɗawa, ta nan ne yake isowa kunnenmu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: gurnanin da ake bautawa yau, a idon masu ƙera kayan aibi ne. Leo Fender sauti mai tsabta yake nema. Makaɗa ne suka murɗa ƙara har ƙarshe, suka mai da aibin ado. Mutanen Nijar sun san irin wannan labari. A bukukuwan aure na Agadas, da ƙananan amfilifaya masu araha da janareto samarin Buzaye suka bunƙasa salon jitar da duniya ke sauraro yanzu. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya ɗaure jitarsa ta farko, waƙoƙinsa kuma ta katin waya suka fara yawo. Bombino ya je Nashville ya naɗi kundinsa Nomad, wanda ya fito a 2013, amma salon da ya kai can a gida ya ƙera shi.

Don haka amsata ga masu gardamar Denmark Street ita ce: tsohuwar amfilifaya mai lafiya tana da halin da ya cancanci a kiyaye shi, kuma masu gyaranta sun cancanci yabo. Sai dai matashin da ba shi da dubban fam kada ya zauna jiran ta. Waɗanda suka ba ta suna sabuwa suka saye ta, da abin da aljihunsu ya iya, suka matsa mata har ta faɗi abin da ba a ƙera ta don ta faɗa ba. Sababbin na'urori ma irin waɗannan hannaye suke jira.