Sallar da Muka Yi Gadin Auta

Azumin 2018 bai ba mu wahala da Auta ba kamar yadda muka zata. Shi ne na ƙarshe a ɗakinmu, kuma ya daɗe yana shan kodin kafin asirinsa ya tonu a gida. A farkon watan Mayun shekarar gwamnatin tarayya ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, jim kaɗan bayan BBC ta nuna bincikenta a kan yadda ake fitar da shi ta bayan fage. Hajiya ta ga samarin da aka ɗaure da mari a cikin fim ɗin, ta rantse ba za a kai mata ɗa ko'ina ba, a gabanta zai warke. Kwalbar kuwa tsada kawai ta yi, duk mai nema ya san lungun da zai bi.

Ya ajiye ta a makon da aka ga wata. Kwanakin farko ba su da daɗin tunawa: zufa, gudawa, hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba, gaɓoɓi na ciwo, barci ya ƙaurace. Da wannan ya lafa, sai azumin ya riƙe shi. Sahur, shago, tafsiri, buɗa-baki, asham, a goman ƙarshe ga tahajjudi. Babu sa'ar da ba ta da mai ita, abokan ma sun yi sanyi.

Likitan da ke duba shi ne ya ja ni gefe, ya ce kada mu saki jiki, Sallah ita ce abin tsoro. Ya ce wanda ya daina, jikinsa ya manta da yawan da ya saba ɗauka. In ya koma ya kwankwaɗi irin na da, numfashi na iya tsayawa yana cikin barci. Ban gaya wa Hajiya wannan ba.

Sallah ta faɗo ranar Juma'a, 15 ga Yuni. Duk abin da azumi ya ɗaure, ita ta kwance shi lokaci guda. Shago a rufe, ciki a cike, ga barka da Sallah daga kawunnai, ga ƙofa a buɗe ga kowa. Mun riga mun yi yarjejeniya cewa kuɗin da duk ya shigo hannunsa ni zan riƙe. Amma baƙo fa? Wa zai kori yaron unguwa da ya zo gaida Hajiya cikin sabuwar shadda, ko da an san abin da ke cikin robar lemon da ke aljihunsa?

Hajiya ta fi ni dabara. Ana saukowa daga Idi ta jera kwanukan tuwon Sallah, ta ce Auta ne zai kai, ta haɗa shi da jikokinta ƙanana. Gwammaja, Kurna, Hotoro, kowace gwaggo sai ta zaunar da shi ta cika shi da tambaya. Mai riƙe da hannun yara ba ya ratsewa lungu. Da dare aka buga wasan Fotugal da Sifen na cin kofin duniya a Rasha. A falon maƙwabcinmu muka kalla maimakon gidan kallo, Ronaldo ya ci uku, aka tashi uku da uku, Auta ya yi ihu har muryarsa ta dishe.

Washegari ne aka kai ruwa rana. Ya ce sai ya je kallon Hawan Daushe, na ce a'a, ya ce, "Yaya, ni ba ɗan fursuna ba ne." Gaskiya ya faɗa, don haka na bi shi. A Ƙofar Kudu, cikin ƙura da ƙarar bindigogi, muna jiran isowar Sarki Muhammadu Sanusi II, sai ga wani abokinsa ya dafa shi, ido jajir, ya miƙo roba. "Mutumina, Sallah ce fa. Ɗan taɓa." Na ga maƙogwaron Auta ya motsa. Na yi shiru da ƙyar. Can ya ce, "Ina kan magani, likita ya hana ni." Har yau ina ganin wannan amsa ta fi wa'azi aiki a irin wurin nan, domin ba ta zagi kowa ba, ba ta kuma bar ƙofar gardama ba.

Daren ranar Kuroshiya ta ci Najeriya biyu ba ko ɗaya. Unguwa ta yi tsit. Na tarar da shi a soro yana karkaɗa ƙafa, ya ce, "Yaya, wallahi raina na biyawa." Ban taɓa jin ya furta haka da bakinsa ba. Ban ce masa komai a kai ba, na ja shi teburin mai shayi, muka yi ta zagin masu tsaron bayanmu har mutumin ya fara kife kofuna. A ɗakina ya kwana, ni a bakin ƙofa.

Da aka koma kasuwa na mayar masa da kuɗinsa cif. Ya ƙirga, ya ce na ci masa ɗari biyar a shayi, kuma sai da na biya.