Wuri bakwai a adudun Kaka

Har yau in ƙamshin baba ya bugi hancina daga jikin sabon zane, sai in gan ni a ɗakin kakata a Tasawa, zaune bakin gadon kara, fitilar a-ci-bal-bal na wasa da inuwarmu a bango, mazari na juyawa a hannunta, can nesa kuma ana jin lugudan masu dakan dare. Shekarata takwas. Ban san komai ba sai yunwa da tambaya.

A ƙarƙashin gadon akwai wani adudu da hayaƙi ya rine. In ta ga dama sai ta jawo shi, ta ɗaga tsohon gwado, ta ture tandun kwalli gefe, ta fito da wuri bakwai a zare guda, duk sun yi santsi don shafa. "Maigidana, matso ka gani. Daga Birni suka fito." A bakinta Birni ɗaya ne tak. Katsina.

Takan ja wurin ɗaya bayan ɗaya tana kiran ƙofofi kamar mai kiran jikoki: Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar 'Yanɗaka. Daga nan sai labarin yadda Korau ya kayar da Sanau a kokawa ya hau gadon sarauta, da hasumiyar Gobarau, da waliyyai Ɗan Marina da Ɗan Masani, da ayarin Abzinawa da ke sauke gishiri su ɗauki turkuɗi da fata. Ina jin kukan raƙuman har cikin barcina.

Na daɗe ina zaton a can aka yanke mata cibi. Ashe a wani ƙauye aka haife ta gefen Gulbin Kaba, ƙasar Mayahi, aure ya kawo ta Tasawa. Ba ta taɓa taka Katsina ba.

A lakwal ne mushe ya sa wa labarinta shekaru. Ya ce a ƙarni na 15 Muhammadu Korau ya yi mulki. A 1807 birnin ya faɗa hannun masu jihadi, Ummarun Dallaje ya zama sarki, tsohon gidan sarauta ya yo arewa, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi, inda har gobe Sarkin Katsina ake kiran sarkin. Ya ce a 1851 wani Bajamushe, Barth, ya yada zango a garinmu kafin ya wuce Katsina. Na sheƙo gida da gudu na zayyana mata. Ta lakato alli a yatsa, ta ci gaba da kaɗinta. "To, ya gaya muku waɗanda suka taho a ƙasa da goyo a baya?"

Bai gaya mana ba.

Sai bayan rasuwarta na je, Katsina ta riga ta zama babban birnin jiha tun 1987. Na bi ta Maraɗi, na ƙetare iyaka a Ɗan Isa, na ratsa Jibiya. Na tarar da ganuwa ta zaizaye, gidaje sun haura ta, babura na ta ƙugi inda nake tsammanin raƙuma. Amma Gobarau na nan tsaye da jar ƙasarta. Na jingina da ita, wurin nan bakwai na aljihuna, ina mamakin yaron da ya haddace garin da bai taɓa gani ba, daga bakin tsohuwar da ita ma ji ta yi.

Wani dattijo a gindin bango ya dube ni. "Samari, daga ina?"

"Daga Tasawa, Baba."

Ya gyara mini wuri a tabarma. "Ashe ɗan gida ne. Kun daɗe."