Abin da ke Cikin Gwangwanin Malami

Manomi ba ya fita gona sai da fartanyarsa. Uwargida tana da muciya da maburgi da ludayi, ta kuwa san inda kowannensu yake ko da cikin duhu ne. Amma in ka shiga gidajenmu da yawa a nan Ajingi da ƙauyukan da ke kewaye da Gaya, ka ce a fito maka da kayan da za a taimaki yaro da su ya koyi karatu, da ƙyar za a sami guntun fensir. Yaro yakan ga harafi a allon makaranta da safe, malami ya share, shi ke nan sai gobe. In ya dawo gida ba abin da zai riƙe a hannu ya duba. Ga shi kuwa abin da ido ya gani sau ɗaya ba ya zama.

Ni malami ne a makarantar ekklesiya, shekaruna wajen ashirin ke nan ina koyar da ƙananan yara. Kayan aikin da suka fi yi mini amfani duk suna cikin babban gwangwanin madara guda ɗaya. Ina so in buɗe muku shi, ya ku iyaye, domin ku ga babu abin da ya fi ƙarfinku a ciki. Da su nake sassaƙa hatimi na haruffa, in buga a takarda, in ɗinka ƙananan littattafai da yara za su tafi da su gida.

Na fari shi ne reza. Sai sabuwa, wadda ba a taɓa yin aski ko yankan farce da ita ba, gama tsohuwar reza takan ɗauki cuta daga jinin wani zuwa na wani, kamar ciwon hanta. Nakan tsaga ɗan itace in cusa gefe ɗaya a ciki, in ɗaure da zare tam, ta zama kamar ƙaramar wuƙa mai ƙota. Reza aikin babba ce. A ajina yaro ba ya taɓa ta sai ya kai aji biyar ko shida, shi ma ina tsaye a kansa.

Na biyu shi ne ƙarfen tsohuwar laima. In kun duba ƙarafan nan da ke buɗe laima, za ku ga suna da kwarmi a tsawonsu kamar indararo. A yanke kamar tsawon yatsa, a kai wa maƙeri ya wasa bakin, a kafa shi a itace. Da shi ake ƙwaƙule cikin harafi, kamar ramin o da na b, inda reza ba ta iya juyawa. Wanda ya taɓa kallon masu sassaƙar ƙwarya ya san irin wannan aiki.

Sai abin da za a sassaƙa. Magogin fensir yana da kyau amma ƙarami ne, kuma sai an saya. Abin da na fi amfani da shi tsohon silifa ne, wanda ba gidan da ba a yar da shi. A wanke, a goge fuskarsa a kan siminti har ta yi sumul, a yayyanka shi kamar girman akwatin ashana. Silifa ƙafa ɗaya yakan ba ni haruffa shida ko bakwai. In an gama sassaƙa sai a manna a bayan guntun katako domin hannu ya sami wurin riƙo.

A nan ne aikin yake da wuya, domin hatimi a juye ake sassaƙa shi, kamar yadda abu yake bayyana a madubi. In ka zana b daidai a kan roba ka sassaƙa, d zai fito a takarda. Dabarar kuwa mai sauƙi ce. Ka rubuta harafin a takarda da fensir, ka nanata har ya yi baƙi ƙirin, ka kifa takardar a kan robar, ka murza bayanta da cokali. In ka ɗaga za ka ga harafin ya koma kan robar a juye, sai ka bi shi da reza. Kada ka yanka tsaye. Ka karkata rezar zuwa waje, domin gindin harafin ya fi samansa faɗi, kamar yadda magini yake yin katanga. Wanda aka yanke gindinsa siriri ba ya jimrewa, buga kaɗan zai karye. Haka Gutambag ya zuba haruffansa na ƙarfe a juye a ƙasar Jamus wajen shekara ta 1450, aka fara buga littattafai da su. Yarana sukan yi murna in na gaya musu aikinsu ɗaya da nasa.

Watakila wani ya ce, ai ana sayar da haruffan roba a kantunan Kano, me zai sa mutum ya wahala? Gaskiya ne, na kuwa riƙe irinsu a hannuna. Amma don Turanci aka yi su. Ba ɓ a ciki, ba ɗ, ba ƙ. Tun cikin shekarun 1930 aka tsai da haruffan nan masu lanƙwasa a rubutun boko na Hausa, amma mai yin kayan wasan yara a wata ƙasa ba ruwansa da su. Yaron da bai san su ba zai karanta baƙi ya ce baki, ya ga ƙura ya ce kura, ya ga faɗa ya ce fada. Randa aka miƙa masa Littafi Mai Tsarki ya karanta a gaban jama'a, ko wasiƙar ɗan'uwa ya karanta wa kakarsa, sai ya yi ta tuntuɓe. Saboda haka su nake fara sassaƙawa kowace shekara. Ku lura kuma, ɓ in an juya shi ba ya zama ɗ, gama lanƙwasar dukansu biyu hannun dama take duba. Kowanne sai an yi masa nasa hatimi.

Tawada ba sai an je birni ba. Maƙwabtanmu malaman allo sun daɗe suna yin tasu da gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro, a wurinsu kuma na koya. Ta hatimi dai tana so ta fi ta alƙalami kauri, in ba haka ba sai ta taru ɗigo ɗigo a kan roba. A jiƙa ƙaro ya kwana, a tace, a dama da baƙin tukunya mai laushi. Shuni yakan ba da shuɗi, karan dafi ya ba da ja. Ruwan zoɓo yana da kyau ran farko, amma ba ya daɗewa yakan koɗe. A ninka tsohon ƙyalle sau huɗu, a shimfiɗa a murfin gwangwani, a zuba tawada kaɗan har ƙyallen ya sha. A kansa ake dangwala hatimi. Da hunturu yakan bushe kafin a tashi aji, sai a riƙa yayyafa ruwa ana rufewa.

Sauran kayan na takarda ne: almakashi, rula, cokali, basilla da zare. Almakashin takarda daban yake da na ɗinki. Maigidan da ya ɗauki na uwargida ya yanka kwali ya dakushe shi, ya kuwa jawo wa kansa magana. Bayan cokali shi ne na murza ninki ya kwanta. Takarda huɗu in an haɗa an ninka biyu, shafi goma sha shida ke nan. A sa kwali ko tsohuwar kalanda ta zama bango. A huda rami uku a kan ninkin da basilla, sama da tsakiya da ƙasa. A fara daga ciki: zare ya fita ta tsakiya, ya shigo ta sama, ya tsallake tsakiya ya fita ta ƙasa, ya sāke shigowa ta tsakiya, sa'an nan a ƙulle bakin biyu a kan dogon zaren. Wannan ɗinki ya fi mannawa ƙarko. Kokon rogo yana manna takarda sosai, amma kwana biyu yakan yi tsami, kyankyasai da gara kuma suna sonsa. Ƙaro ya fi shi.

Akwai magana ɗaya da ba na barin ta in na koya wa manyan yara wannan aiki. Hatimi amana ne. Sarakunan ƙasar nan tun zamanin daular Sakkwato da hatimi suke tabbatar da wasiƙunsu, har yau kuma takardar makaranta ko ta asibiti ba ta da ƙarfi sai da shi. Hannun da ya iya sassaƙa ƙ zai iya kwaikwayon hatimin ofis. Wani saurayi ya taɓa zuwa wurina da dare da wata takardar shaida, ya roƙe ni in yi masa irin hatimin da ke kanta, ya ce aiki yake nema. Na ji tausayinsa, amma na ƙi. Nakan tuna wa yara labarin da ke cikin 1 Sarakuna sura 21, yadda Yezebel ta buga hatimin Ahab a wasiƙun ƙarya, aka kashe Nabot saboda gonarsa. Mu haruffa muke yi, da kifi da tauraro da ganye don ado. Sunan wata hukuma ko wani mutum ba ma taɓa shi.

Ladan aikin kuwa ina ganinsa. Yaron da ya riƙe harafi a hannu, ya dangwala, ya danna, ya ɗaga ya ga sunansa ya fito, ba ya mantawa da shi. Wata yarinya da ta yi wata uku ba ta buɗe baki a aji ba, randa ta buga sunanta a bangon littafinta sai da ta zaga kowane benci tana nunawa. Uwarta, wadda ba ta yi makaranta ba, a wannan ɗan littafi ta koyi haruffan farko, yanzu tana zuwa ajin manya.

Yanzu da aka gama girbi hannu ya sami sarari. Ranar Juma'a in kun je kasuwar Wudil, ku tuna da reza da basilla da ɗan ƙaro. Tsohon silifa yana nan bayan ɗaki. Ku fara da haruffan sunan ɗanku, sa'an nan ɓ da ɗ da ƙ. In na farko ya karkace ba kome, na biyu zai fi shi. Allah ya sa albarka a aikin hannuwanku.