Tantabara da Dutsen Washi

Turanci yana da wata magana da ake yi idan mutum ya bi sawun abu har ya gano ainihin inda yake: "home in on". Amma yawancin yaran da nake koya wa darasi da yamma a Maamobi "hone in on" suke rubutawa. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, da ƙyar kunne ke rabe su, alhali ko dangi ba su haɗa ba.

Ta farkon daga tantabara aka samo ta, irin wadda ake saki a nesa ta miƙe sai gida. Daga baya matuƙan jirgin sama suka are ta, suna nufin bin siginar rediyo har filin sauka. "Hone" kuwa wasa wuƙa ne a dutse, kamar yadda mahautan kasuwar Nima ke yi kowace safiya. Ana wasa wuƙa, ana wasa ƙwaƙwalwa, amma wuri nufarsa ake yi har a kai.

Abin yana damuna ne don mu 'yan zango mun fi kowa sanin wannan aiki. Dubi Old Fadama, a bakin kogin Odaw kusa da Agbogbloshie, inda ƙidayar da mazauna suka yi a 2009 ta sami mutum kusan 80,000. Mai neman ɗan'uwansa a can ba lambar gida yake bi ba. Zai fara da tambayar inda Dagomba ko Konkomba suka fi zama, a nuna masa masallaci, daga nan gidan wanka, daga nan mai shayi, har a ce masa ga ƙofar. Kowace tambaya tana rage masa nisa. Ma'anar maganar ke nan. Ko manhajar GhanaPostGPS ta 2017, wadda ta yanka ƙasar gida-gida, mita 5 tsawo mita 5 faɗi, wurin take nunawa, lungun kuwa sai an tambaya.

Gaskiya ne wasu ƙamusoshin Amurka sun fara karɓar "hone in" saboda yawan masu faɗinta. Sai dai yaron da zai zauna jarrabawar WASSCE, ko ya rubuta takardar neman aiki, bai san hannun da takardarsa za ta faɗa ba. Shi ya sa nake ce musu: in nema kuke yi, ku tuna tantabara, ku rubuta "home".